Wa zai nuna wa na'ura albasar Galmi?

Bara wajen ƙarshen shekarar karatu aka sa ni cikin malaman da za su saurari sutnans ɗin wani yaro, wato kare aikin kammala karatunshi, a wata makarantar injiniyoyi a nan Yamai, inda nake ba da darasi awa-awa. Yaron mai ƙoƙari ne wallahi, irin waɗanda in an ɗauke kuran za ka same su bakin titi ƙarƙashin fitila suna bita. Aikin da ya yi manhaja ce wadda in ka nuna mata hoton ganyen tumatur za ta gaya maka ciwon da ke jikinshi. Ya haska sakamako a bango, kusan duk hoton da aka gwada ta da shi ta ci, aka yi tafi, mahaifiyarshi tana can baya tana share hawaye da gefen mayafi, ni ma na tafa don ya cancanta.

Da aka watse sai na ja shi gefe na ce ɗana zo mu gwada wani abu. Akwai hotunan ganyen tumatur cikin wayata da na ɗauka a garkar wani maƙwabcina can hayin kogi, da rana tsaka, ga ƙura ta kwanta a kan ganyen, ga inuwar hannuna, ga ƙasa ja a baya. Muka zuba su. Mafi yawa ta kuskure, ganye lafiyayye ta ce mai ciwo ne, wanda tsutsa ta cinye rabinshi kuma ta ce garau yake. Yaron ya dube ni ya ce "Mushe wallahi jiya tana aiki." Na ce na sani, yau ma tana aiki, hotunan da ta saba da su ne ba waɗannan ba.

Laifin ba nashi ba ne, namu ne mu masu koyarwa. Hotunan da ya horar da ita da su daga intanet ya sauko da su, rumbun PlantVillage da kowane ɗalibi a duniya yake ɗauka, an tsinko ganye ɗaya-ɗaya an shimfiɗa a wuri mai tsabta an ɗauka da haske mai kyau. Su kansu masu rumbun sun faɗi wannan tun 2016, sun horar da na'ura da hoto 54,306 ta ci 99 cikin 100, da suka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban sai ta faɗo wajen 31 cikin 100. Shekara nawa kenan, amma har yanzu muna ba yaranmu maki mai yawa a kan rabin farko na labarin, babu mai tambayarsu rabi na biyu.

Abin da nake so in faɗa shi ne a koyar da ganin na'ura da koyon na'ura a makarantun injiniyoyinmu, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma a fara darasin daga fita waje a ɗauko hoton abin da ke gabanmu, ɗalibi ya ɗauka da hannunshi ya sa wa kowane hoto suna da kanshi, kuma a kan wannan wahalar ce za a fi ba shi maki.

Bari in ɗan yi bayani don wanda ba fanninshi ba ne. Hoto a wurin kwamfuta tarin lambobi ne kawai, kowane ɗigo yana da lambar da ke nuna yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinshi. Da can injiniya ne yake zama ya rubuta doka, in ka ga zagaye mai launi kaza to abu kaza ne, kuma dokar ba ta daɗewa take karyewa don rana tana juyawa launi yana canzawa. Yanzu an bar wannan, sai a yi ta nuna wa na'ura misalai kamar yadda ɗan Fulani yake sanin shanun gidansu, babu wanda ya zaunar da shi ya karanta mishi siffar kowace saniya, kullum yana ganinsu ana kiran sunansu har ya kai ga daga nesa ya san wace ce ta ɓata. Koyon kuma kamar ciniki yake, na'ura ta yi tayi a ce mata albarka, a gaya mata nisan da ke tsakaninta da gaskiya, ta gyara lambobinta kaɗan ta sake tayawa, haka sau dubbai har a daidaita. Haɗarin da ke ciki ɗaya ne da na ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar shekarun baya, in tambayar ta dawo yadda take ya cinye, in an juya ta kaɗan ya tsaya yana kallon silin. Shi ya sa na'urar yaron nan ta ci hotunan intanet ta faɗi a garkar maƙwabcina.

To wa ya nuna mata duniya, kuma wace duniya ya nuna mata? Babban rumbun da wannan fanni ya tashi a kanshi shi ne ImageNet, wanda Fei-Fei Li da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2009, daga baya ya kai hoto sama da miliyan 14. A gasar da ake yi da shi abubuwa iri 1,000 ne ake so na'ura ta bambance, kuma sama da 100 a ciki irin karnuka ne. Na'urar da ta san kare iri ɗari ba ta san bambancin saniyar Azawak da ta Bororo ba, ba ta san tunkiya balami ba, ba ta san jar akuyar Maraɗi ba, balle ƙuduji a gindin gero. Ba mugunta suka yi mana ba, abin da ke gabansu suka ɗauka. Kuma abin bai tsaya ga dabba da tsiro ba, a 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni, a kan maza farare kuskure bai kai 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe har ya kai kusan 35 cikin 100. Iyayenmu mata da ƙannenmu kenan fa, kuma irin waɗannan kamarori su ne ake sayowa ana kafawa a filayen jirgi da bankuna ko'ina a duniya. In ba mu da injiniyan da zai ce tsaya mu gwada ta a kan fuskokinmu kafin a biya kuɗi, to duk abin da mai sayarwa ya faɗa shi kenan.

Akwai wani aiki da nake yawan kawo wa ɗalibai. A 2020 wani mai bincike a jami'ar Kopenhegen, Martin Brandt, tare da mutanen NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, sun ƙirga itatuwa daga hoton tauraron ɗan Adam a yammacin Sahara da Sahel, suka samu biliyan 1.8 a wurin da ake ɗauka hamada ce fayau. A 2023 suka faɗaɗa aikin daga tekun Atlantika har Bahar Maliya, mu ma muna ciki, itace biliyan 9.9. Abin da ke burge ni a labarin shi ne kafin na'ura ta ƙirga ko guda, mutumin sai da ya zauna ya zagaye itace kusan 90,000 da hannunshi a kan hoto, ɗaya bayan ɗaya. Nan aikin yake. Kuma duk da haka na'urar girman kan itacen take aunawa, ba ta ce maka wannan gawo ne wancan kalgo ne ko aduwa ko magarya, alhali manomin Maraɗi da Damagaram da ya raya itatuwan nan ta hanyar sassaben zamani, wajen itace miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, shi ya san kowanne da amfaninshi, ya san gawo yana zubar da ganye da damina gero ya yi kyau a ƙarƙashinshi. Ilimin da ya rage a zuba cikin na'urar a hannun iyayen ɗalibanmu yake. Ɗalibin da ke jin Hausa da Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, ya kuma iya Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi, shi kaɗai zai iya haɗa biyun.

Wani dattijo cikin malamanmu, injiniyan gine-gine ne kuma shi ya koyar da ni kaina, ya taɓa ce min "Ƙanena, ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wuta, ku bar yaran nan su koyi gina gada da haƙa rijiya tukuna, wannan abin naku na masu ƙoshi ne." Maganarshi tana da nauyi kuma ban raina ta ba. Duk mun ga watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 na abin da muke sha, darasin kwamfuta ya koma na alli da allo, kuma ko ba wannan ba in Afrilu ya zo zafi ya haura 40 ordinater ɗin kanta sai ta riƙa kashe kanta. Na ce mishi Yaya ni ba sabon digiri mai ƙaton suna nake nema ba, a cikin ajinka nake so a sa shi. Ambaliyar 2020 da kogi ya fasa ya shiga Lamorde da Saga tana nan a idon kowa. Hotunan tauraron Sentinel na Turai kyauta ne, Sentinel na biyu yana dawowa kan wuri duk kwana biyar kuma ɗigo ɗaya mita 10 ne a ƙasa, Sentinel na ɗaya kuma rada ce, ba kamara ba, tana ratsa hadari, injiniyan gine-ginen da ya iya karanta su da na'ura zai ga inda ruwa yake kwanciya kowace shekara da inda kwari yake cin hanya tun kafin ya ce a zuba siminti. Cibiyar AGRHYMET tun 1974 tana nan hayin kogi kusa da jami'a tana irin wannan aiki na lura da damina da makiyaya don ƙasashen Sahel, wurin aiki ne a bakin ƙofarmu. Mai karatun lantarki kuma ga farantan hasken rana dubbai a tashar wutar Gorou Banda da ƙurar hunturu take rufewa. A Uganda ɗaliban Makerere sun ɗaura waya a kan madubin likita tana taimakawa wajen gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jini, mu da duk damina asibitocinmu suke cika da yara masu zazzaɓi mun fi kowa buƙatar mu san yadda ake yin wannan da kuma inda yake kuskure.

Maganar tsada kuma an cika zuzuta ta. Aikin da ya juya wannan fanni a 2012, wanda Alex Krizhevsky ya yi da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton a Toronto, ya sauko da kuskure zuwa kashi 15 a gasar ImageNet ɗin nan lokacin da wanda ya zo na biyu yake kan 26, da katin wasan kwamfuta guda biyu aka horar da shi cikin kwana biyar zuwa shida. Yau ma ba sai ka fara daga tushe ba, za ka ɗauko na'urar da aka riga aka horar ka ƙara mata ƴan ɗaruruwan hotunanka ta koyi abinka, kayan aikin rubuta manhajar irin su OpenCV da PyTorch kyauta ne, shafin Google Colab yana ba da aron injin in akwai koneksiyon. Abin da ke cin kuɗi shi ne forfe na intanet da kuɗin mota da lokacin malami, kuma su ne ba a taɓa sawa cikin kasafi.

Inda na yarda da dattijon nan gaba ɗaya shi ne lissafi. Yaron da bai riƙe aljabara da ƙididdiga da kyau ba, in ka ba shi wannan fanni ka mai da shi mai kwafe-da-liƙa ne kawai, yanzu ma ga ChatGPT yana rubuta mishi kod ɗin cikin minti ɗaya, ya danna ya ga lamba mai kyau ya yi murna, ka tambaye shi me ya sa ya raba hotunan gwaji daban da na horo ya rasa amsa. Amma na lura lissafin ya fi shiga in an fara da matsalar. Ɗaliban da suka yi shekara biyu suna ninka jadawalin lambobi ba su san don me ba, ranar da suka ga hoton fuskarsu ya juye ya dushe ya fito da gefuna saboda ɗan jadawali mai gida tara da suka rubuta, ranar ce suka fara yin tambaya. Kuma ni a aji in Faransanci ya cije, littattafan fannin kuma Turancin Ingilishi ne, ina sauka in yi bayani da Hausa in sa wani ya maimaita da Zabarmanci, ban ga abin kunya a ciki ba.

Bana da hutun ƙarshen Maris na ɗauki ɗalibai huɗu, maza biyu mata biyu, muka hau bus zuwa Galmi wurin kawuna, lokacin ana tsakiyar cirar albasa. Kowa ya san albasar Galmi, tana zuwa Gana da Kodebuwa da Benin da Togo, kuma kowa a Adar ya san kukan manomi, a lokacin cira kasuwa ta cika farashi ya faɗi, wanda ya iya ajiyewa cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, wata biyar ko shida zai sayar ninki-ba-ninki, amma ruɓa tana cinye rabo mai yawa kafin lokacin. Shirinmu mai sauƙi ne, mu ɗauki hoton mai kyau da ruɓaɓɓa mu koya wa waya ta bambance. Kwana biyu yaran suna tsugune cikin rana suna ɗauka. Da dare muka horar da ita a kan ordinater ɗina, sakamako ya yi kyau sosai har samarin suka fara ihu. Ɗaya daga cikin ƴan matan ba ta ce komai ba, ta ɗauki ruɓaɓɓar albasa guda ta ɗora a kan tabarma ta ɗauki hoto, na'ura ta ce mai kyau ce. Ta ɗauki lafiyayya ta aje a ƙasa, na'ura ta ce ruɓaɓɓa ce. Ta juyo ta ce "Mushe ba albasa take kallo ba, tabarma take kallo." Ashe duk masu kyau a kan tabarma muka ɗauke su don nan aka zuba su, ruɓaɓɓun kuma a ƙasa inda aka watsar. Na yi shekaru ina bayanin wannan a kan allo da sunanshi na Faransanci, ban taɓa ganin ya zauna a kan ɗalibi kamar daren nan ba.

Washegari kawu ya zo ya tsaya yana kallonmu muna sake ɗauka, ya tambayi yarinyar me suke rabawa, ta ce Baba mai kyau da ruɓaɓɓa. Ya ce ruɓaɓɓa ai ko yaro ya san ta, hanci ma ya isa. Ya duƙa ya ɗauko wata jajir mai sheƙi daga cikin tarin da muka kira masu kyau, ya danna wuyanta da babban yatsa ya miƙa mata ya ce "Wagga ba ta kai damana, ɗiyata, taɓa ki ji." Wuyan mai kauri ne bai bushe ya rufe ba. Ya ce irin wadda aka cika wa takin zamani ce ko aka ba ruwa dab da cira, yau ta fi kowace kyau a ido, in ta shiga rudu ita za ta fara lalacewa ta shafa wa na kusa da ita. Wato tari uku ne ba biyu ba, kuma na ukun shi ne kaɗai wanda manomi zai so a taimaka mishi a kai, shi ne kuma babu shi a kowane rumbun hoto na intanet. Kamara ba ta danna wuya da yatsa, sai yaran suka zauna suna gardamar ta wace kusurwa za a ɗauka wuyan ya fito, da wane haske, ko a aje dala kusa da ita don a san girma. Aikin injiniya kenan, kuma a ƙarƙashin bedi aka yi shi ba cikin anfi ba.

Wani abu kuma ya taso da ban shirya mishi ba. Matan da ke yanke ganyen albasa suna shiga cikin hotunan, ɗaya ta ce a goge nata, ba ta yarda hotonta ya shiga waya ba. Muka goge a gabanta, daga nan muka sa doka babu fuskar kowa, kuma duk gonar da za mu shiga sai mun faɗi abin da za a yi da hoton da inda za a aje shi. Wannan ma darasi ne da ya kamata ya shiga manhajar karatu ya sami makinshi, don yaran nan gobe su za a ba aikin kamarorin gari da rajistar jama'a.

Muna da wuraren da za a yi wannan, ga Jami'ar Abdou Moumouni da EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai, a Yamai, ga ta Djibo Hamani a Tawa wadda gonakin albasa da kwarin Keita suke kewaye da ita, ga ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Dosso. In kowane aji ya bar hoto dubu mai suna mai kyau kafin ya fita, na gero da wake da dabbobi da hanyoyi, aka aje su wuri ɗaya a ƙasar nan ajin baya ya gada ya ƙara, cikin ƴan shekaru za mu mallaki abin da ba a saye a waje. Shi Abdou Moumouni ɗin, ɗan Tasawa, hasken rana ya duba ya ga shi muka fi kowa samu ya sa ilimin kimiyyarshi a kai tun lokacin da ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Na san wasu cikin yaran za su koya su tafi Kigali ko Faransa ko Kanada, wannan yana damuna, amma wanda ya tafi ya bar hotunan da ya tara ya bar wani abu, kuma wanda ya taɓa tsugunawa a gonar kawunshi da waya a hannu yana da matsalar da zai dawo wa.

Kafin mu baro Galmi mun zaɓi albasa 200 mun ɗauki hoton kowace daga sama da gefe, mun ɗaura mata ƴar takarda mai lamba, kawu ya faɗi ra'ayinshi a kan kowace mun rubuta, aka sa su gefe guda cikin rudu. Sai Satumba za mu koma mu buɗe mu ga wace ta kai wace ba ta kai ba, sannan ne kowane hoto zai sami sunanshi na gaskiya a fara horo. Na rubuta takardar neman kuɗin motar ɗalibai tun watan Mayu ba a amsa ba har yanzu, in bai fito ba ni da yaran mun yi magana za mu haɗa jikka-jikka mu je. Shekaranjiya kawu ya kira ya ce mai lamba 47 ta fara wari ya fitar da ita don kar ta ɓata sauran, na ce ya sa jikanshi ya ɗauke ta hoto kafin a yar, ya rubuta ranar.